Wanda ke kan allurar rage ƙiba, yana da sauran buƙatar rubuta abin da yake ci?

Baban_Zarah
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ke ta yawo tun da alluran nan na mako-mako suka shigo hannun mutane, wai auna abinci da rubuta shi ya zama tsohon yayi. Hujjar masu faɗa ita ce allura ta riga ta kashe yunwa, to me ya rage da za a ƙirga? A ganina maganar tana da ƙamshin gaskiya a watanni shida na farko, amma ban yarda za ta kai shekara uku ko biyar ba. Sannan ina aka bar wanda ba yunwa ce ke kai shi kicin da tsakar dare ba, ɓacin rai ne? Masana a taimaka, amma don Allah da lissafi, ba da "an ce" ba.

Likita_Sadiya
Wa alaikumus salam. Mu fara da inda lambar da ake tutiya da ita ta fito. Gwajin STEP 1 da aka wallafa a 2021 ya ɗauki mutum 1,961 na tsawon mako 68. Waɗanda aka yi wa allurar semaglutide miligiram 2.4 a mako, wato Wegovy, sun rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu. Waɗanda aka yi wa allurar da babu magani a ciki, kashi 2.4. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne duka rukunin biyu an ɗora su a kan rage kalori 500 a rana da motsa jiki minti 150 a mako, ana zama da su duk bayan mako huɗu, an kuma ce su riƙa rubuta abin da suka ci kullum. Ita kanta kashi 15 ɗin, da littafin rubutu a gefenta aka same ta.

An bi wasu daga cikinsu shekara guda bayan an tsayar da allurar da zaman shawarar, aka tarar kusan biyu bisa uku na abin da suka rage ya dawo. Allurar tana danne yunwa ne muddin tana jiki, kamar yadda maganin hawan jini ke riƙe jini muddin ana sha.

AbuKhalil
Likita, ai lambarki ce ma ta kayar da rubutun. Rukunin da suka yi rubutu da motsa jiki ba tare da magani ba, kashi 2.4 kacal suka tashi da shi. Ashe allurar ce ke ɗaukar kayan. Kuma rubutun kansa ba gaskiya yake faɗa ba. A binciken da aka yi a Amurka a 1992 kan mutanen da ke cewa ɗan kaɗan suke ci amma ba sa ramewa, an gano abin da suke rubutawa ya gaza na ainihi da kashi 47 cikin ɗari, motsa jikinsu kuma sun ƙara masa kusan rabi.

Mai_Sikeli
Malam AbuKhalil, binciken nan gaskiya ne, sai dai darasinsa shi ne ƙiyasin ido bai da tabbas. Maganin haka sikeli ne, ba jefar da littafi ba.

A samu sikelin kicin na lantarki mai auna giram ɗaya-ɗaya. A ɗora kwano, a danna maɓallin da ke mayar da shi sifili, a zuba, a rubuta, a sake mayar da shi sifili kafin abu na gaba. Mako biyu na farko kada a canza komai a ci, a rubuta kawai, har da ranakun hutu, domin su ne ke cinye ribar sauran kwanakin. A rubuta kafin a kai baki, ba da dare ba lokacin da aka manta da ɗanɗanon da aka yi a bakin tukunya.

Wurare uku ne lissafi ya fi zubewa. Mai shi ne gaba: giram ɗaya kalori 9 ne, babban cokali ɗaya kusan 120. Maimakon ƙirga cokali, a auna kwalbar man kafin girki da bayansa, bambancin shi ne abin da ya shiga tukunya. Sai ɗanye da dafaffe: ɗanyar shinkafa giram 100 kusan kalori 360 ce, dafaffiya kusan 130, saboda ruwan da ta sha. Wanda ya auna ɗanya ya zaɓi dafaffiya a manhaja ya ɓatar da kusan biyu bisa uku na kwanonsa. Sai abin sha: gwangwanin lemo mai mililita 330 yana ɗauke da sukari kusan giram 35, kalori kusan 140, kuma ba ya ƙosarwa.

Idan tukunyar gida ce ta kowa da kowa, a haɗa kalorin duk abin da aka zuba, a auna abincin bayan ya dahu, a raba. Tukunyar da ta ɗauki kalori 3,000 ta fito giram 2,000, kowane giram 100 nata kalori 150 ne. A ajiye wannan lissafin, ba sai an sake shi duk girki ba.

Ƙanwar_Maza
Tabɗi! Cokali ɗaya 120? Kenan wanda ya zuba cokali takwas a girkin mutum huɗu, kowa ya sha 240 tun bai taɓa abincin ba.

Mai_Sikeli
Haka yake, 'yar'uwa.

AbuKhalil
Na ji. Amma har lambar da ke jikin leda ba daidai take ba, a Amurka doka ta bar musu sararin kuskure har kashi 20 cikin ɗari. Manhajojin kuma cike suke da abin da mutane suka shigar da kansu.

Malam_Tanimu
AbuKhalil, ba a buƙatar rubutun ya zama daidai da na ɗakin gwaji. Ana buƙatar kuskurensa ya zama iri ɗaya kullum, sai sikelin jiki ya gyara shi. A hau sikeli kowace safiya bayan an zagaya, kafin a ci komai, a fitar da matsakaicin kwana bakwai. Idan littafi ya ce 2,000 a rana kuma matsakaicin bai motsa ba mako uku zuwa huɗu, to 2,000 ɗin littafinka ita ce ke riƙe nauyinka, ko da a zahiri 2,300 ce. Daga nan ake cire 300 zuwa 500. Awon rana ɗaya ba ya nuna komai: kowane giram na sitacin da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka yana riƙe ruwa kusan giram 3, ga gishiri, ga kwanakin al'ada ga mata. Kilo ɗaya ko biyu na iya hawa cikin dare ba tare da ɗigon kitse ba.

Game da tambayar Baban Zarah ta shekara uku zuwa biyar, a nan gizo ke saƙar. Lissafin nan na kalori 7,700 daidai da kilo ɗaya yana aiki ne a farko kawai. Kowane kilo da aka rage, abin da jiki ke ƙonawa a rana yana sauka da kalori 20 zuwa 30. Wannan ƙarami ne. Babban shi ne sha'awar ci, wadda binciken Kevin Hall da abokan aikinsa na 2016 ya ƙiyasta tana ƙaruwa da kusan kalori 100 a rana kan kowane kilo da aka rasa. Wanda ya sauke kilo 10, abin da jikinsa ke ƙonawa a rana ya ragu da kalori 200 zuwa 300, cikinsa kuma na roƙon ƙarin 1,000. A Ostareliya an auna jinin mutane shekara guda bayan sun rage nauyi, sakamakon ya fito a 2011, sinadarin da ke tayar da yunwa yana nan sama bai koma yadda yake ba. Don haka dawowar ƙiba ba lalaci ba ne. Wannan giɓin ne allura ke toshewa, kuma a nan na yarda da AbuKhalil. Sai dai ko da allurar, nauyi yana tsayawa wajen mako na 60, cokali kuma yana ƙara girma a hankali ba tare da mai shi ya lura ba.

Garba_Famasis
Bari in shigo ta ɓangaren maganin, domin kurakuran da ake yi a nan sun fi na sikeli haɗari.

Ba na kowa ba ne. Ma'aunin da ake bi shi ne a raba nauyi a kilo da tsawo a mita sau biyu: 30 zuwa sama, ko 27 idan akwai ciwon sukari, hawan jini ko makamancinsu. Wegovy ana hawa shi mataki-mataki, kowane mataki mako huɗu: miligiram 0.25, 0.5, 1, 1.7, sannan 2.4. Tirzepatide, wata allurar ta daban, wato Mounjaro ko Zepbound, ana farawa da miligiram 2.5, a koma 5 bayan mako huɗu, a riƙa ƙara 2.5 gwargwadon buƙata, iyakarsa 15. Matakan farko na sabar da ciki ne. Mai gaggawa da ya tsallake su, amai da gudawa ne ke jiransa, idan ruwan jiki ya ƙare kuma ƙoda ce ke biya. Wanda ya yi makonni bai yi allurar ba kada ya koma kan babban awonsa kai tsaye, ya tuntuɓi likita a sake hawa.

Maganin yana jinkirta fitar abinci daga ciki, shi ya sa cika kwano da soyayye ke jawo tashin zuciya da gyatsa mai wari. A rage girman lomar zama ɗaya, a tsaya da zarar an ji alamar ƙoshi, kada a kwanta nan take. Ciwon ciki mai tsanani da ba ya lafawa, musamman mai ratsawa zuwa baya, ba na jira ba ne, asibiti ake nufa, don yana iya zama kumburin fankiriyas, gaɓar ciki mai samar da insulin, ko tsakuwar matsarmama. Mai ciki ba ta sha, mai neman ciki ta tsayar da semaglutide wata biyu kafin nan. Mai shan ƙwayar tazarar haihuwa da ta fara tirzepatide tana buƙatar ƙarin kariya na mako huɗu a farko da kuma duk lokacin da aka ƙara awo. Wanda ke da tarihin wani nau'in kansar tayirod, wata gaɓa da ke gaban wuya, da ake kira medulari, shi ko danginsa na jini, an hana shi. Mai ciwon sukari da ke kan insulin ko glibenclamide sai an rage masa su, in ba haka ba sukari ya faɗi. Za a yi tiyata ko duban ciki da maganin barci, a faɗa wa likitan tun da wuri.

Ajiya a firji, digiri 2 zuwa 8, kuma wanda ya daskare ya lalace. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun Ozempic, wani sunan da ake sayar da semaglutide da shi, saboda haka alƙalamin allurar da aka saya a intanet ba takardar likita caca ce da rai.

Hajiya_Binta
Malam Garba, to masu tsoron allura fa? Ina batun ƙwayar nan mai hana maiƙo shiga jiki, da kuma shayin rage tumbi?

Garba_Famasis
Hajiya, orlistat kike nufi, wanda ake sayarwa da sunan Xenical. Miligiram 120 tare da kowane babban abinci, sau uku a rana, yana hana kusan kashi 30 cikin ɗari na maiƙon da aka ci shiga jiki. Abin da bai shiga ba ta ƙasa yake fita, don haka wanda ya ci mai da yawa zai ga maiƙo a wando, ba ladabi a maganar amma haka ne. Yana rage shigar bitamin A, D, E da K, sai a sha ƙwayar bitamin da dare, aƙalla awa biyu tsakaninsu. Ragin da yake bayarwa 'yan kilo ne ƙalilan a kan na gyaran abinci. Shayin kuwa, yawanci maganin zawo ne ko na fitsari, ruwa ke fita ba kitse ba. An sha kama wasu da sibutramine a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar jiki.

Ummu_Nabila
An yi ta magana kan ciki, an bar rabin tambayar Baban Zarah na biyu a ƙasa.

Yunwar ciki tana zuwa a hankali, tana karɓar kowane abinci, tana tsayawa idan an ƙoshi. Cin huce takaici yana faɗowa ne farat ɗaya, abu takamaimai yake nema, galibi mai zaƙi ko mai maiƙo, ba ya jin ƙoshi, kuma kunya ce ke biyo bayansa. Allura tana rage wa mutane da yawa yawan tunanin abinci, wannan gaskiya ne. Amma ba ta sasanta rigimar gida, ba ta cire kaɗaici. Wani ma idan aka ɗauke masa abincin da yake lallashin kansa da shi, ƙuncin ne ke fitowa fili tsirara, ya rasa inda zai kai shi.

Littafin irin wannan mutum daban yake. Layinsa: lokaci, wuri, abin da aka ci, yunwa daga 0 zuwa 10, abin da ya faru minti talatin kafin nan, da abin da ke zuciya. Misalin layi ɗaya: 10:40 na dare, tsaye gaban firji, biskit leda guda, yunwa 2, an gama waya mai zafi, haushi. Bayan mako biyu mutum zai ga abu biyu ko uku ne ke maimaita kansu, ba ɗari ba.

Mataki na farko kuma ba rage ci ba ne, daidaita shi ne: manyan abinci uku da ƙanana biyu ko uku a lokutan da aka tsara, kada tazara ta wuce awa huɗu a farke. Mafi yawan cin dare yana da tushe a yunwar da aka sha da rana. Wanda ya wuni a kan shayi sannan aka ɓata masa rai da magariba, abu biyu ne suka haɗu masa. Idan sha'awar ta taso, a sa agogo minti 15, a bar ɗakin, a yi abin da ke buƙatar hannu ko ƙafa. Sha'awa tana hawa ta sauka da kanta. Idan bayan nan har yanzu ana so, a zuba a kwano, a zauna, a ci, a rubuta. Ba daga leda ba, ba a tsaye ba.

Mai_Sikeli
Malama, na yarda da layukan, amma ban ga dalilin cire giram da kalori ba. Wani nazari na 2008 kan mutum kusan 1,700 ya nuna masu rubutu kullum sun rage ninki biyu na waɗanda ba sa rubutawa. A haɗa duka biyun a shafi ɗaya mana.

Ummu_Nabila
Ga yawancin mutane a haɗa, Malam. Amma akwai wanda lambar ce ke tunzura shi. Ya wuce iyakarsa da 200, sai ya ce yau ta riga ta lalace, ya ƙara 2,000, gobe ya hana kansa ci don ramuwa, jibi ya sake faɗawa. Alamar da za a duba: cin abu mai yawa a ɗan lokaci tare da jin ba ya iya tsayawa, a ɓoye, aƙalla sau ɗaya a mako har wata uku. Wannan cuta ce da likitocin ƙwaƙwalwa suka ba matsayinta na kanta tun 2013, maganinta na farko kuma zaman gyaran tunani da ɗabi'a ne da ƙwararre. Idan akwai jawo amai ko shan maganin zawo bayan ci, ba a maganar rage ƙiba ma sai an magance wannan, allura kuma na iya rufe matsalar ta ƙara mata zurfi. Irin waɗannan su rubuta abinci da yanayi, su bar ƙirga.

Likita_Sadiya
Ina bayan Ummu Nabila a nan. Ƙari biyu. A duba magungunan da mutum ke sha tun kafin a zarge shi: olanzapine, mirtazapine, amitriptyline, valproate, prednisolone da insulin duk suna iya ƙara nauyi. Kada kowa ya tsayar da su da kansa, a tambayi wanda ya rubuta ko akwai madadi. Sai barci. A gwajin Jami'ar Chicago na 2022, masu barcin ƙasa da awa shida da rabi da aka taimaka suka ƙara sama da awa guda sun rage ci da kusan kalori 270 a rana ba tare da an ce su rage ba.

Koci_Hamza
Ni abin da ya sa nake cewa mai allura ya fi kowa buƙatar rubutu shi ne ƙarancin ci, ba yawansa ba. Yunwa ta tafi, mutum ya wuni a kan burodi yanka biyu da shayi, sikeli na sauka yana murna, tsoka ce ke tafiya. A ɓangaren STEP 1 da aka auna jiki da na'ura, kusan kashi 40 cikin ɗari na abin da ya ragu ba kitse ba ne. A nemi furotin giram 1.2 zuwa 1.6 kan kowane kilo na nauyin da ake son kaiwa, a raba shi sau uku. Mai neman kilo 75 yana buƙatar 90 zuwa 120 a rana. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, dafaffen ƙirjin kaza giram 100 yana ba da kusan 30, dafaffen wake kofi ɗaya kusan 15. A fara cin furotin ɗin kafin sauran kwano tun da ciki na cika da wuri. Ɗaga nauyi sau biyu zuwa uku a mako: tsuguno, turawa, jawowa. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likita kafin ƙara furotin.

Kuma kada a ci kalorin da agogon hannu ya ce an ƙona. A gwajin Stanford na 2017, agogon da ya fi duka daidai ya kauce da kashi 27 cikin ɗari.

Malam_Tanimu
Gyara kaɗan, Koci. Kashi 40 ɗin nan ba tsoka zalla ba ce, na'urar tana haɗa ruwa da kayan ciki a lissafin. Shawararka dai tana nan daram.

Baban_Zarah
Allah Ya saka da alheri. Abin da ban samu ba har yanzu: har abada za a yi ta ɗora kwano a sikeli? Ba na jin akwai mai yin haka shekara biyar.

Mai_Sikeli
A'a. Wata uku na farko kullum. Bayan nan ido ya koyi awo, sai a bar auna ganye da 'ya'yan itace, a ci gaba da auna mai, sitaci da abin zaƙi kawai. Idan an kai inda ake so, a riƙe awon jiki aƙalla sau ɗaya a mako, a sa wa kai layi: matsakaici ya hau kilo 2, a koma cikakken rubutu mako biyu. A rajistar da Rena Wing da James Hill suka kafa a Amurka a 1994, ta mutanen da suka rage aƙalla kilo 13.6 suka riƙe shekara guda, uku bisa huɗu suna auna kansu duk mako, yawancinsu kuma suna motsa jiki kusan awa ɗaya a rana.

AbuKhalil
Waɗanda suka yi nasara ne suka kai kansu rajistar, waɗanda suka yi duk wannan suka faɗi ba a ƙirga su ba. Ni dai ina nan kan bakana: ga mai ƙiba sosai, ya tsara zama da maganin na dogon lokaci, rubutu ɗan rakiya ne.

Ƙanwar_Maza
To idan dole ta sa a daina allurar, ciki ko rashin samu, ana yanke ta ne lokaci guda ko a sauka a hankali?

Likita_Sadiya
Don ciki ko ciwon fankiriyas, yankewa ake yi nan take. In ba haka ba likitoci da yawa suna saukowa mataki-mataki yadda aka hau, don yunwar ta dawo a hankali, kodayake wannan bai zama garantin hana nauyi dawowa ba. Semaglutide na ɗaukar kusan mako biyar kafin ya bar jiki, saboda haka makon farko da na biyu za su yaudari mutum ya ga kamar ba abin da ya canza. A buɗe littafin wata guda kafin allurar ƙarshe, a samu awon abin da ake ci lokacin da abubuwa ke tafiya daidai, don a sami abin kwatantawa. Mai ciwon sukari kuma ya ƙara yawan gwajin jini a waɗannan makonnin, a shirya masa wani maganin tun kafin sukarin ya hau.